Abincin gina jiki ga 'yan kwikwiyo a rugagen Ka'oje

A rugagen Fulani da ƙauyukan manoma da ke kewaye da garin Ka'oje, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, kare ma'aikaci ne. Shi ne ke kwana a bakin garke, shi ne ke fara jin motsin baƙo cikin dare, shi ne kuma ke bin mafarauta daji idan rani ya yi.

To sai dai a gidaje da dama ladan wannan aiki bai wuce ƙanzo da ragowar tuwon jiya ba. Babban kare yakan jure wa hakan, domin yakan fita ya yi kiwon kansa a juji ko a bakin mayanka. Ɗan kwikwiyon da aka raba da uwarsa yana da wata biyu kuwa bai san wannan dabara ba, alhali a daidai lokacin ne jikinsa ya fi bukatar sinadarin gina jiki, wanda masana ke kira furotin.

Abin da aka zuba masa a kasko cikin watannin farko shi ne zai nuna irin karen da zai zama, ko ƙaƙƙarfan da zai bi garke yini guda bai gaji ba, ko kuma ramamme mai ƙaton ciki da zai mutu kafin ya shekara.

Matsayin kare a yankin

Ka'oje na kudu da kogin Kwara, a ƙasar da aka fi sani da Bargu, kuma daga nan hanya ta bi ta Tsamiya ta shiga Segbana a Jamhuriyar Benin. Yanki ne na noma da kiwo, ga kuma masunta a garuruwan bakin kogi irin su Lolo. Makiyayin da ke kwana da shanu a daji, musamman a wannan zamani da satar dabbobi ta addabi arewa maso yammacin Najeriya, ya san amfanin haushin kare da tsakar dare.

Addinin Musulunci bai hana irin wannan kiwo ba. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun ba da izinin ajiye kare saboda tsaron dabbobi, ko gona, ko farauta, kuma aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo wa mai ita. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin jama'ar yankin ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai.

Malaman fiƙihu sun kuma ɗora wa duk mai dabba alhakin ciyar da ita. Ke nan wanda ya ɗauko ɗan kwikwiyo ya kawo gida, ya ɗauko har da nauyin cikinsa.

Mene ne furotin?

Furotin shi ne tubalin da ake gina jiki da shi. Da shi ake yin tsoka da fata da gashi da jini, da shi ake yin sinadaran da ke narkar da abinci, da shi kuma garkuwar jiki ke ƙera makaman yaƙi da cututtuka. Hatta ƙashi, kafin ya yi tauri, sai an fara shimfiɗa masa saƙar furotin, sannan ma'adinai su hau kai.

Abin sha'awa shi ne, a kan karnuka aka fara tabbatar da cewa dabba ba ta rayuwa sai da wannan sinadari. A shekarar 1816 wani likita ɗan ƙasar Faransa, François Magendie, ya ciyar da karnuka da sukari da ruwa zalla, wasu kuma da man zaitun da ruwa. Sun ci sun ƙoshi, amma suka yi ta ramewa har suka mutu cikin 'yan makonni. Daga nan masana suka fahimci cewa abincin da ke ba da ƙarfi daban, wanda ke gina jiki daban.

Shi kansa furotin haɗaka ce ta wasu ƙananan sinadarai kimanin 20 da ake kira amino. Jikin kare na iya haɗa kusan rabinsu da kansa. Sauran 10 kuwa dole ne ya same su daga abinci, kuma a lokaci guda. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, aikin gini yakan tsaya a inda wannan ɗayan ya ƙare, kamar yadda magini ke ajiye aiki idan siminti ya yanke, komai yawan yashi da bulon da ke jibge a gabansa.

Wannan ne ya sa ba yawan furotin kaɗai ake dubawa ba, har da ingancinsa. Na ƙwai da nono da kifi da nama ya ƙunshi dukkan goman a ma'aunin da ya dace. Na hatsi kuwa yana da giɓi.

Nawa ne ya wadatar?

Hukumomin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a duniya sun yi kusan ittifaƙi a kan adadi. Ƙungiyar jami'an sa ido kan abincin dabbobi ta Amurka, AAFCO, ta ƙayyade cewa abincin kare mai tasowa, da na karya mai ciki ko mai shayarwa, kada furotin ɗinsa ya gaza kashi 22.5 cikin 100. Na babban kare kuwa kashi 18 cikin 100 ne. Takwararta ta masu sarrafa abincin dabbobin gida a Turai, FEDIAF, ta sa kashi 25 cikin 100 ga ɗan kwikwiyon da bai kai makonni 14 ba, sannan kashi 20 cikin 100 bayan nan.

Ana yin wannan lissafi ne bayan an cire ruwan da ke cikin abincin. Malmalar tuwo mafi yawanta ruwa ce, saboda haka nauyin garin da aka tuƙa ake dubawa, ba girman malmalar ba.

Idan aka juya waɗannan alƙaluma zuwa abin da ake iya gani, ɗan kwikwiyo mai wata uku, mai nauyin kilo 5, wanda ake sa ran zai kai kilo 15 idan ya girma, yana bukatar furotin kimanin giram 50 a kowace rana. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wannan shi ne abin da baligin mutum mai nauyin kilo 60 ke bukata. Wato dabbar da yaro ke iya ɗauka a hammata tana neman abincin gina jiki daidai da na mai gidan.

Dalilin haka shi ne saurin girma. Ɗan kwikwiyo yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi cikin kwanaki 8 zuwa 10, abin da jaririn ɗan Adam ke ɗaukar wajen wata biyar kafin ya yi. Karnukan gida masu matsakaicin jiki sukan gama girma cikin kimanin shekara guda, yayin da manyan nau'o'i na ƙasashen waje ke kai watanni 18 zuwa 24.

Daga nonon uwa zuwa yaye

Kula da ɗan kwikwiyo tun yana ciki ake fara ta. Karya takan ɗauki ciki na kimanin kwanaki 63, kuma a makonni ukun ƙarshe ne 'ya'yan suka fi girma. Bayan haihuwa, a mako na uku da na huɗu, bukatarta ta abinci takan ninka sau biyu zuwa uku. Karyar da aka bari da ƙanzo a wannan lokaci, daga tsokar jikinta take ɗiban abin da take shayarwa, har a wayi gari an yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

Nonon farko, wato daƙashi, yana ɗauke da kariya daga cututtuka, kuma hanjin ɗan kwikwiyo na iya karɓar wannan kariya ne a ranar farko kawai. Wanda ya rasa shi a wannan rana, ya fara rayuwa da rauni.

A wajen Fulani, inda madara ke kusa da hannu, akan ɗauka cewa madarar saniya za ta maye gurbin nonon karya idan uwa ta mutu ko ta ƙi 'ya'yanta. Akwai tazara mai yawa a tsakaninsu. Nonon karya na da furotin kimanin kashi 7.5 cikin 100 da maiƙo kusan kashi 9.5, yayin da madarar saniya ke da furotin kashi 3 da ɗoriya, maiƙonta kuma bai kai rabin na karya ba. Bugu da ƙari, sukarin da ke cikin madarar saniya ya fi yawa, kuma shi ne ke sa ɗan kwikwiyo zawo idan ya sha da yawa.

Saboda haka likitocin dabbobi kan ba da shawarar a nemi wata karya mai shayarwa, in kuwa ba a samu ba, a ƙarfafa madarar da gwaiduwar ƙwai har zuwa lokacin da za a sami madarar da aka sarrafa domin karnuka. Ga wanda ya fara cin abinci kuwa, kindirmo da nono mai tsami sun fi ɗanyar madara sauƙi a ciki, domin tsamin ya rage sukarin.

Ana fara nuna wa ɗan kwikwiyo abinci mai ruwa-ruwa yana da makonni 3 zuwa 4, a kammala yaye a makonni 6 zuwa 8. Cikinsa ƙarami ne, don haka akan raba masa abinci sau huɗu a rana har ya kai wata uku, sau uku har wata shida, sannan sau biyu. Al'adar zuba wa kare abinci sau ɗaya da dare ba ta dace da mai tasowa ba.

Inda tuwo ya gaza

Babu laifi kare ya ci tuwo. Wani bincike da masana na Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka wallafa a 2013 ya nuna cewa kare ya sha bamban da kyarkecin da ya samo asali daga gare shi wajen iya narkar da abinci mai sitaci, abin da ake dangantawa da daɗewar zamansa tare da manoma. Tuwon gero ko na dawa da ya dahu sosai yana ba shi ƙarfi.

Matsalar ita ce idan tuwon ya zama shi ke nan. Furotin ɗin gero da dawa bai wuce kashi 10 zuwa 11 cikin 100 ba, na masara kimanin 9, na shinkafa kimanin 7, garin rogo kuwa da ƙyar ya kai 2. Wancan ɗan kwikwiyo mai kilo 5 zai ƙoshi da tuwon da aka tuƙa da garin gero giram 250 a rana, amma furotin ɗin da zai samu bai wuce giram 27 ba, ɗan abin da ya ɗara rabin bukatarsa. Ko shi ma ɗan abin da ya samu yana da ƙarancin wani muhimmin amino mai suna laisin, wanda dukkan hatsi ke da rauni a kansa.

Masara na da nata ƙarin aibin. A shekarun 1920 likita Joseph Goldberger na Amurka ya lura cewa karnukan da aka ciyar da abincin da masara ta rinjaya suna kamuwa da wani ciwo da ke sa baki gyambo, harshe ya yi baƙi, kuma ya gano cewa ɗan'uwan wata cuta ce da ke addabar talakawan kudancin ƙasar masu dogaro da masara. A 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya warkar da irin waɗannan karnuka da sinadarin niyasin da ya samo daga hanta. Ta haka aka gano maganin cutar a jikin mutane ma.

Abin da ke kusa da hannu

Mai kare a Ka'oje ba ya bukatar abincin gwangwani daga Legas ko Kwatano kafin ya cike wannan giɓi. Wake na da furotin kimanin kashi 24 cikin 100, kuma yana da wadatar laisin ɗin da hatsi ya rasa. Waken suya ya kai kashi 36 zuwa 40. Ƙuli-ƙuli ya haura 40. Busasshen kifi yakan wuce 60. Ƙwai guda na ba da giram 6, lita guda ta nono kuma fiye da giram 30.

Ga misali na abincin yini guda ga wancan ɗan kwikwiyo: garin gero giram 150, dafaffen wake da aka auna giram 40 kafin dafawa, garin busasshen kifi giram 30, da nono kofi guda. Wannan haɗi zai ba shi ƙarfin da tuwon gero zalla zai ba shi, amma furotin ɗinsa ya kai giram 50. Ƙananan kifaye da ɓurɓushin banda da ke taruwa a ƙasan kwandon mai sayarwa sun wadatar, idan aka daka su har da ƙayarsu suka yi laushi. Ruwan da ke saura bayan an yi cuku, da dusar awara, da ɗan yankin dafaffiyar hanta sau ɗaya ko biyu a mako, duk ƙari ne mai amfani.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Wake da waken suya dole su dahu luguf, domin ɗanyensu na ɗauke da sinadaran da ke hana narkar da furotin. Farin ƙwai ma a dafa shi. Wasu kifayen ruwan daɗi, idan aka daɗe ana ba da su ɗanyu, suna lalata wani bitamin da jijiyoyi ke bukata, dafuwa kuwa na kawar da wannan illa. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya huda hanji.

Ragowar miya ma abin lura ce. Albasa, wadda jihar Kebbi ta yi suna wajen nomanta a Aliero, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ce ko dafaffiya, haka ma tafarnuwa. Goro da cakulan kuwa na ɗauke da sinadaran da ke bugar da zuciyarsa.

Nama zalla ma ba gata ba ne

A ɗaya ɓangaren kuma akwai mafarauta da mahauta da masu hali da ke ganin gatan kare shi ne a cika shi da tsoka. Tsoka na da furotin mai inganci, amma kalsiyam ɗinta, wato ma'adinin da ke taurara ƙashi, kaɗan ne ƙwarai, ga kuma fosfaros da ya ninka shi fiye da sau goma. Jikin ɗan kwikwiyo kuwa yana son su kusan kunnen doki, kalsiyam ya ɗan ɗara.

Idan aka ci gaba da ba shi tsoka kaɗai, jiki yakan koma yana kwasar kalsiyam daga ƙashi domin ya daidaita jini. Bayan 'yan makonni sai a ga ɗan kwikwiyo mai ƙiba da sheƙin gashi ya fara ɗingishi, ƙafafu sun gwame, wani lokaci ƙashi ya karye daga ɗan tsalle. Maganin hakan shi ne nono, da ƙananan kifayen da aka daka da ƙaya, da garin ƙashin da aka dafa aka niƙa, a ma'aunin da malamin dabbobi ya faɗa.

Akwai kuma wata tsohuwar fahimta a tsakanin masu kiwon manyan karnukan ƙasashen waje a birane irin su Birnin Kebbi da Sakkwato da Kano, cewa yawan furotin na lalata gaɓoɓin ɗan kwikwiyo. Masana a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun gwada wannan a wani bincike da aka wallafa a 1991, inda suka raba 'yan kwikwiyon Great Dane gida uku, suka ba su abinci mai furotin kimanin kashi 15 da 23 da 32 cikin 100. Ba su ga wata illa a ƙashin waɗanda suka ci mafi yawa ba. Waɗanda suka ci mafi ƙaranci ne ma aka ga furotin ɗin jininsu ya ragu.

Abin da ke gurgunta irin waɗannan manyan karnuka shi ne ƙiba da wuri da kuma kalsiyam fiye da kima. Ke nan ƙarancin kalsiyam illa ne, yawansa ma illa ne, kuma ɗura wa ɗan kwikwiyo ƙwayoyin ƙarin ma'adinai ba tare da shawarar likita ba ganganci ne.

Tsutsar da ke raba abinci da shi

Ko da an gyara abinci, akwai mai cin rabo a ɓoye. Akasarin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsu, domin wani nau'inta na ratsa mahaifa ya shige su tun suna ciki. Wani nau'in kuma ta nonon uwa yake shiga, ya maƙale a bangon hanji yana zuƙar jini. Ɗan kwikwiyon da ke fama da su yana asarar furotin fiye da yadda yake samu, shi ya sa ake ganinsa da tulun ciki, haƙarƙari a waje, dasashi ya yi fari.

Likitocin dabbobi na ba da maganin tsutsa tun daga makonni 2 da haihuwa, a maimaita duk bayan mako biyu har ya kai wata biyu zuwa uku, a kuma haɗa da uwar. Wannan kariya ce ga yara ma, domin ƙwayayen tsutsar na zama cikin ƙasar tsakar gida inda suke wasa.

Kayan ciki, waɗanda su ne furotin mafi araha a wajen mahauta, suna da nasu haɗarin idan aka ba da su ɗanyu. Sau da yawa hanta ko huhun da aka gani da ƙulluttai masu ruwa, aka ƙi ci, su ake jefa wa kare, musamman a ranar kasuwa da lokacin layya. Waɗannan ƙulluttai 'ya'yan wata tsutsa ce da ke girma a hanjin kare. Ƙwayayenta na fita cikin kashinsa su gurɓata ciyawa da ruwa, tumaki da shanu da raƙuma su ci, mutum ma ya ɗauka, ƙulluttan su tsiro masa a hanta ko huhu har sai an yi tiyata.

Haka nan kan tunkiyar da ta mutu da ciwon juwa, wanda ke sa ta yi ta kewaya wuri guda, idan kare ya ci ƙwaƙwalwar, shi zai sake yaɗa ciwon cikin garken da yake tsaro. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a dafa kayan ciki sosai kafin a ba kare, masu ƙulluttai kuwa a ƙone su ko a binne da zurfi.

Abincin buhu da abin da ke rubuce a jikinsa

Masu sayen abincin karnuka na kanti sukan dogara da adadin furotin da aka rubuta a jikin buhu. Yana da kyau a san cewa a ɗakin gwaji ba furotin ɗin ake aunawa kai tsaye ba. Sinadarin naitirojin ake aunawa, a ninka shi sau 6.25. Wannan kafa ce ga maha'inta. A 2007 an janye ɗimbin abincin karnuka da kyanwoyi daga kasuwannin Amurka da Kanada, bayan an gano cewa wasu kayan haɗin da aka shigo da su daga ƙasar Sin an zuba musu melamin, wani sinadarin yin roba mai yawan naitirojin, domin gwaji ya nuna furotin mai yawa. Dabbobi da dama sun mutu da ciwon ƙoda. A 2008 irin wannan ha'inci ya bayyana a madarar jarirai a ƙasar ta Sin.

Saboda haka mai saye ya duba ko an rubuta cewa abincin na masu tasowa ne, ya duba abin da aka fara lissafawa cikin kayan haɗi, ya kuma duba ranar lalacewa.

Ajiya ma na da muhimmanci, ko abincin kanti ne ko na gida. Masara da gyaɗa da ƙuli-ƙulin da suka sha danshi suka yi fumfuna na iya ɗaukar gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma kare na cikin dabbobin da ba sa jure mata. Hatsin da mutum ya ga bai dace ya ci ba saboda fumfuna, bai dace da kaskon kare ba.

Alamomin da za a lura da su

Ɗan kwikwiyon da ke samun abin da ya ishe shi nauyinsa na ƙaruwa kowane mako, gashinsa na kwance yana sheƙi, ana jin haƙarƙarinsa da hannu amma ba a ganinsa daga nesa, ga shi da son wasa. Wanda ya rasa kuwa girmansa yakan tsaya, cinyoyi su shanye, gashi ya bushe ya miƙe, rauni ya daɗe bai warke ba, ƙazuwa da zawo su riƙa kama shi a kai a kai.

Wannan rauni na garkuwar jiki ya wuce batun kare kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na hallaka mutane kimanin 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekaru 15. Hanyar daƙile shi ita ce yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi, wadda aka saba farawa idan ɗan kwikwiyo ya kai wata uku. A Najeriya Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato na cikin masu samar da allurar.

A yanki irin na Ka'oje, inda dabbobi da jama'a ke kai da komo a tsakanin ƙasashe biyu, abinci na taka rawa a nan ta fuska biyu. Jikin da ya ƙoshi, ba tsutsa, ya fi karɓar allura. Kare mai ƙoshi kuma ya fi zama a gida, maimakon yawon juji da mushe inda yake cuɗanya da karnukan da ba a san lafiyarsu ba. Bayan haka, duk karen da aka yi wa allura ya rayu shekaru, kariya ce ga unguwa, yayin da mutuwarsa da wuri ke sa a sake ɗauko wani sabo da ba a yi masa ba.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Makiyayi ko mafaraucin da ke son karen da zai dogara da shi baɗi, aikinsa na cikin watanni shidan farko: ludayin nono, ɗan dafaffen wake, garin kifi a kan tuwo, maganin tsutsa a kan lokaci, da allura idan ya kai wata uku. Mai neman ƙarin bayani kan ma'aunin da ya dace da nasa karen, sai ya tuntuɓi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.